Ɗan Wasan Da Aka Tausaya Wa A Bayan Kanta

Wata rana, can wajen ƙarshen shekarun 1980, wata mata ta shiga gidan abinci na Wendy's a birnin Milwaukee na ƙasar Amurka don ta sayi abin da za ta sa a baki. Ɗaga kan da za ta yi sai ta hangi wani dogon mutum a bayan kanta, sanye da rigar ma'aikata, yana ta fama da aiki cikin tururin mai. Ta dube shi, ta sake dubawa. Ai ta san fuskar nan! Shekara goma mutanen garin suna yi masa tafi a filin ƙwallon kwando. Ba a jima ba sai ga muryarta a wani shirin rediyo da masu sauraro ke bugo waya, tana faɗin takaicinta: ta ga tsohon ɗan wasan garin yana aikin kanti, ashe ƙarshen 'yan wasa ke nan. Labari ya kai kunnen mutumin. Amma akwai abu ɗaya da baiwar Allah nan ba ta sani ba.

Mai karatu, bari mu kawo zancen gida tukuna. A ce ka taso daga Gamu ka sauka a tashar Gure, sai ka tarar da ɗan kokowar da ka taɓa gani makaɗa na yi wa kirari a filin Langa-Langa na Damagaram, ya naɗe hannun riga yana juya ƙosai a kasko. Me za ka ce a ranka? Na san abin da yawancinmu za mu ce: duniya ta juya masa baya. Wani ma sai ya kau da kai don kada su haɗa ido ya kunyata shi. To riƙe wannan tunani naka, za mu dawo kansa.

Sunan mutumin Ulysses Lee Bridgeman, amma duniya ta san shi da Junior Bridgeman. An haife shi ranar 17 ga Satumba 1953 a garin East Chicago na jihar Indiyana, garin masana'antun narka ƙarfe. Mahaifinsa lebura ne a ɗaya daga cikinsu. Yaron ya taso da tsawo da iya jefa ƙwallo, har a 1971 ƙungiyar makarantarsu ta sakandare ta buga wasa 29 ta cinye duka, ta ɗauki kofin jiha. A Amurka jami'o'i ne ke renon 'yan wasa: su ɗauke wa yaro kuɗin karatu, shi kuma ya buga musu wasa. Haka Jami'ar Louisville ta ɗauke shi. Ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ya kuma kai ƙungiyar jami'ar zagayen huɗun ƙarshe na gasar ƙasa a 1975. Ƙofar manyan wasanni ta buɗe masa, sai dai ba ta inda ya zata ba.

A wannan shekara ta 1975, wadda mu a Nijar muke tunawa da ita saboda gasar Takobi ta farko da aka yi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa, ƙungiyar Los Angeles Lakers ta zaɓi Bridgeman a matsayi na 8 cikin sababbin 'yan wasa. Bai ko buga mata wasa ɗaya ba ta haɗa shi da wasu mutum uku ta miƙa wa Milwaukee Bucks, don ta samu shahararren ɗan wasan nan Kareem Abdul-Jabbar. Ka ji fa. Tun ranar farko, a cikon ciniki aka ba da shi.

Can ma bai zama tauraro ba. A ƙwallon kwando mutum biyar ke fara wasa, shi kuwa na shida ne, wanda ke zaune a benci sai an gaji ko an matsu a ce ya shigo. Ya buga wa Bucks wasa 711, amma 105 kaɗai aka fara da shi. Mai karatu, da kai ne fa? Kana da ƙarfi, kana cin maki kusan 14 a kowane wasa, amma yawanci sai an fara babu kai. Za ka yi fushi? Za ka tattara takalmanka ka nemi wata ƙungiya? Shi dai ya zauna. Kuma wasa 711 ɗin nan babu wanda ya wuce su a tarihin ƙungiyar sai a 2023, lokacin da Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zarce shi.

Shekara 12 ya yi a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, goma a Milwaukee, biyu a Los Angeles Clippers. Albashi mafi tsoka da ya taɓa karɓa a shekara shi ne dala 350,000. Kuɗi ne, ba a musu, amma yau ɗan wasan da ya fi kowa ƙaramin albashi a gasar yana karɓar fiye da dala miliyan 1. Ya ajiye wasa a 1987 yana da shekara 33. Shekara 33! Lokacin da wani ke fara gina kansa, shi an riga an gama da sana'ar da ya sani. To sai me?

Ya ga Wayne Embry, tsohon ɗan wasa kuma manajan Bucks, yana da gidajen abinci na McDonald's, abin ya kwanta masa a rai. Sai suka haɗa jari da wani tsohon ɗan wasa, Paul Silas, suka shiga harkar gidan abinci na Wendy's a unguwar Brooklyn ta New York. Suna da kuɗi, suna da suna, amma ba su san aikin ba. Wannan cuta mun san ta sarai a nan. Mutum ya samu kuɗi ya sayi mota ya ba direba, bai san man da take sha daga Gure zuwa Damagaram ba. Ya sayi garke ya ba makiyayi, bai san kuɗin dusa ba, bai iya duban haƙorin rago ba. Ba a yi nisa ba gidan abincin ya durƙushe, jarin ya bi ruwa.

To mai karatu, ga ka a wannan matsayi. Ka bar wasa, albashi ya tsaya, cinikinka na farko ya ci ka. Sauran abin da ke hannunka shi ne guzurin tsufanka da na iyalinka. Me za ka yi? Da yawa za su ce kasuwanci ba rabonsu ba ne, su ƙulle sauran kuɗin suna gutsura har su ƙare. Wasu za su ɗora laifin a kan ma'aikata, ko abokin tarayya, ko hassada. Bridgeman ya duba ya ga laifin jahilcinsa ne. Sai ya yi abin da ba kowane mai suna zai iya ba.

Ya koma ɗan koyo. Ya shiga horon da kamfanin ke ba ma'aikata, ya koyi gasa nama, ya koyi suyar dankali, ya tsaya a wurin karɓar kuɗi, ya miƙa abinci ta taga ga masu motoci, ya yi shara da goge-goge. Yana son ya san abin da ke shiga da abin da ke fita, da inda riba ke zurarewa ba a gani. Da ya ji hannunsa ya faɗa, a 1988 ya kwashi kimanin dala 750,000, kusan duk abin da ya tara, ya sayi gidajen Wendy's biyar a Milwaukee. Bai zauna a ofis ba. Ya sa rigar aiki ya shiga layi tare da yaransa.

Nan ne matar nan ta gan shi. Gidan abincin da ta shiga nasa ne. Kaskon da ta tausaya masa a kai, shi ya saya da kuɗinsa.

Ni a wurina nan jarumtakar mutumin take, ba a zuba kuɗin ba. Ka tuna a garin da aka san shi ne yake wannan aiki. A shekarar 1988 ɗin nan ce Bucks ta karrama shi, ta jingine lambarsa ta 2, aka rataye ta a saman filin wasa don kada wani ya sake sa ta. Wato rigarsa ta girma tana rataye a sama dubban mutane na kallo, shi kuma yana cikin gari da rigar mai suya. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, kuma duk mun iya faɗa. Amma mu nawa ne za mu yarda a ambaci sunanmu a rediyo cikin tausayi, washegari mu koma bakin kasko? Mai karatu, tambayi zuciyarka, kar ka yi saurin amsawa.

Daga biyar ɗin nan abin ya yi ta haihuwa. Kafin ya sayar da yawancinsu a 2016, gidajen abincinsa, na Wendy's da Chili's da wasu, sun haura 450. A 2017 ya koma harkar lemon kwalba, ya kafa kamfanin Heartland Coca-Cola mai ɗura lemo da rarraba shi a jihohin Kansas da Missouri da Illinois, daga baya ya samu hannu a irin wannan kamfani a Kanada. A Disamba 2020 ya biya dala miliyan 14 ya ceto mujallun Ebony da Jet daga karyewa. Ebony kuwa tun 1945 take ba da labarin baƙaƙen fatar Amurka, lokacin da manyan jaridu ba su damu da su ba. Ya danƙa ragamarta a hannun 'yarsa.

Bai ɓoye hanyar da ya bi ba. Tun yana wasa ya shugabanci ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasan NBA daga 1985 zuwa 1988, ya kuma ga yadda abokansa ke fita da miliyoyi su wayi gari hannu wayam. Shi ya sa shekara da shekaru ake gayyatarsa ya zauna da sababbin 'yan wasa, yara masu shekara ashirin da kuɗi ya faɗo wa dare ɗaya, yana jan kunnensu a kan tattali da sanin abin da mutum zai sa kuɗinsa a ciki. Shaquille O'Neal, wanda ya fi shi suna nesa ba kusa ba, ya faɗa a talabijin cewa tsarin kasuwancinsa daga wurin Bridgeman ya kwaikwayo. Ka ga ɗan benci ya zama malamin taurari.

A Satumba 2024 ya sayi kashi 10 cikin 100 na Milwaukee Bucks, ƙungiyar da ta karɓe shi a cikon ciniki shekara 49 da suka wuce. A farkon 2025 mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyarsa a kan dala biliyan 1.4. Cikin duk waɗanda suka taɓa buga NBA, Michael Jordan da Magic Johnson da LeBron James ne kaɗai suka riga shi kaiwa biliyan, kuma su ukun manyan taurari ne da duniya ta sani.

Ranar Talata 11 ga Maris 2025, mu nan muna cikin azumi, Bridgeman yana otal ɗin Galt House a Louisville, garin da ya yi jami'a. Taro ne na tara kuɗi don ƙungiyar sikawut mai tarbiyyar yara, shi ne baƙon da jama'a suka zo saurare. Ana tsakiyar tattaunawa da shi zuciyarsa ta buga. Aka garzaya da shi asibiti, rai ya yi halinsa. Ya rasu yana da shekara 71, wata shida kacal bayan ya zama ɗaya daga cikin masu ƙungiyar Bucks, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku.