Kowace Ƙwarya da Abokiyar Burminta: Farfaɗo da Tsohon Keke a Jos

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keken da aka jingine a zaure ya sake yin daraja. A Jos, garin da ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, hawa da gangara ne ke cinye sarƙa da haƙoran giya, alhali ƙarfen jikin tsohon Raleigh yana nan daram.

Sai dai mai son farfaɗo da shi yakan yi asara idan ya tafi kasuwa bai yi awo ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ke riƙe tayar baya milimita 120 ce a keke mai giya biyar, 126 a mai shida ko bakwai, yayin da na zamani ya kai 130. Sarƙar keke marar giya kuwa ta fi ta mai giya faɗi, don haka ba ta hawa haƙoransa daidai.

Babban tarkon yana mazaunin feda. Tsofaffin kekunan da Raleigh ya ƙera a Nottingham ta Ingila suna da zaren noti 26 a kowane inci, saɓanin 24 da aka saba. Bakaniken da ya ɗaura sabo da ƙarfi ya ɓata zaren, wataƙila jikin keken baki ɗaya.

Shi ya sa gogaggen mai gyara ke riƙe tsohon ƙarfen a hannu har shagon mai kaya, ya gwada kafin ya biya.