Idan Uwargida Likita Ce, Wa Ke Riƙe Gida?

Sau da yawa ma'aurata kan zo wurinmu neman shawara, matar likita ce, ko lauya, ko malamar jami'a, sai mu yi saurin cewa girman kai ne ya shiga gidan. Kafin mu kai ga wannan hukunci, ya kamata mu fara da lissafin shekaru.

Yarinyar da ta shiga karatun likitanci tana da shekara 18 za ta yi shekara 6 a jami'a, in yajin aiki bai tsawaita su ba, sai shekara 1 ta horo a asibiti, sai 1 ta hidimar ƙasa. In tana so ta zama ƙwararriya, akwai wasu shekaru 5 ko 6 na horo, da kwanan asibiti da jarrabawa. Ke nan aikin ya fi nauyi tsakanin shekara 26 da 32, daidai lokacin haihuwa da goyo. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai jego hutun mako 12, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma mako 16. Maigida kuwa, in shi ma ma'aikacin tarayya ne, kwana 14 aka amince masa a 2021. Hutu zai ƙare jariri bai ko fara rarrafe ba.

Aikin gida kuma ba ya raguwa don uwargida ta sami ƙarin girma. Dole wani ya ɗauka. Wani lokaci kaka ce ke barin gonarta ta zo. Amma abin da muka fi gani shi ne a ɗauko yarinya 'yar shekara 12 ko 13 daga ƙauye, da alkawarin za a sa ta makaranta. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, makarantar kuwa sai a ce sai baɗi. Ran Lahadi tana bayan ɗakin sujada da goyo, mu da ke kan bagade ba mu ko san sunanta ba. Ilimin mace ɗaya ya tsaya a kan rashin ilimin wata, laifin kuma na miji da mata ne, ba na matar kaɗai ba.

Batun kuɗi ma yana nan. Albashinta kan biya kuɗin makaranta, na haya, har da na ƙannen miji, amma idan ya fi na maigida, wasu mazan sukan ji kamar an ƙwace musu shugabanci. A nan muna iya tuna musu da Akila da Biriskila a Ayyukan Manzanni 18: sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti, tare kuma suka ƙara wa Afolos haske a kan hanyar Allah.

Saboda haka a zaman shawara kafin aure mu tambayi saurayi dalla-dalla: daren da take kwana a asibiti, wa zai yi wa yara wanka? In aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Abuja, kai kana Jos, wa zai bi wani? A ziyarar gida kuma, bayan mun gaisa da masu gida, mu tambayi yarinyar da ta kawo mana ruwa sunanta da ajin da take.