Me ya sa gwano ke ɗauko ɗan'uwansa daga fagen fama?

Duk manomin da ke sammakon gona a wajejen Gambaga, Yendi ko Salaga ya san gwano, baƙaƙen nan manya masu wari da ke ratsa hanya a layi, waɗanda daga gare su Bahaushe ya samo kalmar "jerin gwano". Farautar gara suke fita yi. Amma in ka tsaya ka duba su a hanyar dawowa, za ka ga ba gara kaɗai suka ɗauko ba. Wasu 'yan'uwansu ne riƙe a baki, kuma da ransu.

Wani masani mai suna Erik Frank, na Jami'ar Wurzburg a Jamus, ya bi diddigin wannan ɗabi'a a gandun dajin Comoé da ke arewa maso gabashin Kodibuwa. Dajin yana yamma da Bole, in an haye kogin Bolta Baƙi, kuma irin dajinmu ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Nau'in da ya nazarta shi ne wanda masana ke kira Megaponera analis.

Sojojin gara ba kanwar lasa ba ne. Sukan gutsure ƙafar gwano, ko su maƙale masa a jiki. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa wanda ya ji rauni yakan fitar da wani sinadari daga wajen muƙamuƙinsa, abokan tafiya su sansano, su ɗauke shi zuwa gida. Cikin waɗanda aka bari su koma da kansu, kusan kashi 32 cikin 100 ba su kai ba, galibi gizo-gizo ne ya cinye su. Waɗanda aka ɗauko kuwa, kusan duka sun sake fita farauta.

A cikin rami ake jinya. 'Yan'uwa kan yi ta lasar raunin na tsawon mintoci. In ciwon ya harbu, sai su shafa masa wani ruwa da suke tatsowa daga gefen ƙirjinsu. Binciken 2023 ya gano wannan ruwa yana yaƙar ƙwayar cutar Pseudomonas aeruginosa, kuma ya rage mutuwar waɗanda suka harbu da kusan kashi 90 cikin 100. Ƙwayar nan ita ce ke ruɓar da raunukan mutane a asibitoci, ga ta da taurin kai wajen jin magani, shi ya sa masu neman sababbin magunguna suka buɗe kunne.

To, tausayi ne? A ganina lissafi ya fi kusa. Gidan gwano bai cika wuce 2,000 ba, kuma waɗanda ake ƙyanƙyashewa a rana ba su kai 20 ba. Gidan da ke fita yaƙi sau da dama a yini, in yana zubar da duk mai rauni, zai ƙare. Sannan akwai jini. Namijin gwano, kamar na tururuwa da ƙudan zuma, daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa, saboda haka matan da suka haɗa uwa da uba sun yi tarayya a kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin gado, fiye da rabin da ke tsakanin uwa da 'ya. Masani ɗan Ingila William Hamilton ne ya bayyana muhimmancin haka a 1964. Ma'aikatan gwano duk mata ne, sarauniya ɗaya ke haihuwa, don haka mai ceton 'yar'uwarta gadon jininta take tsarewa.

Ba kowa ake ɗaukowa ba. Wanda ya rasa ƙafa ɗaya ko biyu yakan naɗe ƙafafunsa ya natsu a ɗauke shi. Wanda ya rasa biyar cikin shida kuwa, sai ya yi ta birgima yana fizge-fizge, har masu ɗauka su haƙura su bi sahun sauran.