ƁERAYEN GIDA DA ZAZZAƁIN LASSA

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin ɓera a matsayin ɓarawon hatsi mai huda buhu da yaga tufafi. Sai dai ɓarnarsa ta wuce ta dukiya, domin yana ɗauke da ƙwayoyin cututtuka da kan kai mutum kushewa. Wannan darasi zai taɓo wasu daga cikinsu, sannan ya tsaya a kan zazzaɓin Lassa, wanda ya fi addabar ƙasarmu.

2.0 Cututtukan da Ɓera ke Yaɗawa

Ta hanyoyi uku ɓera ya fi yaɗa cuta: fitsarinsa da kashinsa, cizonsa, da kuma ƙumar da ke jikinsa. Kashinsa idan ya shiga abinci yakan haddasa gudawa da amai. Fitsarinsa idan ya gauraya da ruwan kwata ko na ambaliya yakan jawo wani zazzaɓi mai taɓa ƙoda da hanta, har idanu su yi rawaya. Ita kuwa ƙuma ita ce ke ɗaukar annobar nan da ta hallaka kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. Annobar ba ta ƙare a duniya ba, don ta sake ɓarkewa a tsibirin Madagaska a 2017.

3.0 Asalin Zazzaɓin Lassa

Cutar ta samo sunanta daga garin Lassa da ke ƙaramar hukumar Askira/Uba ta Jihar Barno. A shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan na garin ta kamu da zazzaɓin da ba a gane kansa ba, aka kai ta Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta ma ta rasu. Ta uku aka ɗauke ta zuwa Amurka, ta warke, kuma a can ne masana suka gano ƙwayar cutar. Bayan wata ɓarkewa da aka yi a Saliyo a 1972, bincike ya tabbatar da cewa maɓoyar ƙwayar ita ce wani ɓera da masana ke kira Mastomys. Macensa tana da nonuwa da yawa, takan kuma haifi 'ya'ya goma ko fiye a lokaci guda. Shi ɓeran ba ya ciwo, amma yana zubar da ƙwayar a fitsari da kashi.

Ana samun cutar a Nijeriya da Saliyo da Laberiya da Gini da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. A Nijeriya ta fi yawa a jihohin Ondo da Edo da Bauci da Taraba.

4.0 Yadda Ake Kamuwa

Cutar ta fi ƙamari da rani, kamar daga Disamba zuwa Afrilu. A lokacin an gama girbi, an ƙona daji, ɓera ya rasa abinci a gona, sai ya bi hatsi zuwa rumbu da ɗaki. Mutum kan kamu idan ya ci abincin da ɓera ya ɓata, ko ya shaƙi ƙurar kashinsa wajen shara, ko ya taɓa jininsa wajen kamu da fiɗa. Shanyar masara da garin rogo a ƙasa ko a bakin titi tana ba ɓera damar bi ta kansu da dare. Haka kuma cutar tana wucewa daga mutum zuwa mutum ta jini da amai da fitsari da maniyyi. Shi ya sa masu jinya da masu wankan gawa suka fi shiga haɗari.

5.0 Alamomi da Magani

Alamomi kan bayyana cikin kwana 21 da shigar ƙwayar. Kusan mutum 80 cikin 100 ba su jin komai, ko kuwa ciwon ya zo musu da sauƙi. Ga sauran, yakan fara da zazzaɓi da kasala da ciwon kai da ciwon maƙogwaro, sannan amai da gudawa. In ya tsananta, fuska takan kumbura, jini ya riƙa fita ta hanci ko baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 100 na waɗanda suka kamu ne ke mutuwa, amma cikin waɗanda ciwon ya kwantar a asibiti adadin yakan kai 15. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke kan sami matsalar ji. Mai tsohon ciki kuwa, galibi takan rasa abin da ke cikinta.

Babbar matsalar ita ce farkon ciwon ya yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Sai mutum ya yi ta sayen magani a kemis har lokaci ya ƙure. Gwajin jini kaɗai ke tantancewa. Ana amfani da maganin ribabirin tare da ƙarin ruwa, kuma samun sauƙi ya danganta da saurin zuwa asibiti. Har yanzu babu allurar riga-kafi da aka amince a yi wa jama'a.

6.0 Aikin Malami

Hausawa na cewa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wato gidan da ya bar abinci a buɗe shi ya gayyaci ɓera. Don haka malami ya koya wa ɗalibai rufe abinci da ruwan sha, adana hatsi a mazubi mai murfi, toshe ramuka, nesanta juji da gida, da wanke hannu da sabulu. Kada yara su ɗauki mushen ɓera da hannu. A makarantar kwana, ya sa ido a kan ɗakin ajiyar abinci da akwatunan ɗalibai. Ɗalibin da zazzaɓinsa ya ƙi sauka bayan ya sha maganin cizon sauro, a hanzarta kai shi asibiti. Wanda ya dawo daga jinya yana ƙin amsa kira, kada a yi masa hukuncin taurin kai. Wataƙila kunnensa ne ya taɓu, sai a dawo da shi layin gaba, a shawarci iyayensa su kai shi a duba.

7.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa zazzaɓin Lassa ya fi yawa da rani?
2. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare kan adana abinci daga ɓera.