Makullin Fayil a Kan Hanya: Yadda Izini ke Sauyawa a Cikin Ƙunshi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta ilmin halittu ya san cewa kowace ƙwayar halitta tana kewaye da wani siririn tantani, wanda aikinsa shi ne tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Iskar oksijin takan ratsa shi ba tare da wahala ba, sukari kuwa sai ta wata ƙofa ta musamman, wasu abubuwan kuma ba su da hanya ko kaɗan. Ranar da tantanin ya daina wannan aiki, ƙwayar ta mutu ke nan.

Kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita tana da buƙatar irin wannan tantancewa. A makaranta, alal misali, na'ura ɗaya tana iya ɗauke da tambayoyin jarrabawa, da sakamakon ɗalibai, da darussan da ake son kowa ya karanta. Dole ne a sami tsarin da zai fayyace wanda ya isa ya buɗe kowane fayil. Wannan tsari shi ake kira izini. Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne cewa izini ba ya cikin fayil ɗin kansa, yana rubuce ne a wurin da fayil ɗin yake zaune. Saboda haka, idan aka ƙunshe fayiloli aka kai su wata na'ura, izinin yana iya faɗuwa a hanya, ko ya sauya kama, ko kuma ya zo da abin da ba a gayyata ba.

Mai Gida, Iyali da Baƙi

Tsarin izinin da ya fi yaɗuwa ya samo asali ne daga manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka a shekarar 1969. Har yau shi ne ginshiƙin izini a Linux da macOS da Android. Unix ta kasa mutane kashi uku dangane da kowane fayil: mai shi, da ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Mai karatu na iya kwatanta su da mai gida, da iyalinsa, da baƙin da iyakarsu zaure.

Kowane kashi ana iya ba shi izini iri uku: karantawa, da rubutawa, da gudanarwa, wato sa fayil ya yi aiki idan shiri ne. Ana nuna su da haruffan r da w da x, kuma kowanne yana da lamba: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. Idan aka tara lambobin kowane kashi, sai a sami lamba mai gida uku. Ga misalai:

Lamba 644: mai fayil zai karanta ya rubuta, sauran mutane karantawa kawai.

Lamba 600: mai fayil kaɗai zai karanta ya rubuta.

Lamba 755: mai fayil zai yi komai, saura za su karanta su gudanar.

Lamba 777: ƙofa a buɗe take ga kowa.

A kan folda, ma'anar ta ɗan bambanta. Karantawa na nufin ganin sunayen abin da ke ciki, gudanarwa na nufin shiga, rubutawa kuwa na nufin ƙara fayil ko share shi. Ke nan, wanda yake da izinin rubutawa a folda yana iya share fayil ɗin da ko karanta shi ba zai iya ba. Umarnin da ake sauya izini da shi sunansa chmod. Akwai kuma babban mai kula da na'ura, wanda ake kira root, shi kam waɗannan makullai ba sa tare shi.

Jerin Masu Izini

Kashi uku ba sa wadatarwa kullum. A ɗauka jami'in jarrabawa yana da fayil ɗin sakamako, kuma yana cikin ƙungiyar malamai. Yana son shugaban makaranta ya iya gyara fayil ɗin, amma ba ya son sauran malamai su gani tukuna. Idan ya buɗe wa ƙungiya, ya buɗe wa kowane malami. Idan ya rufe, ya rufe har da shugaban.

Maganin wannan shi ne jerin masu izini, wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffan ACL. Jeri ne da ake liƙa wa fayil, inda ake ambaton mutum ko ƙungiya ɗaya bayan ɗaya tare da abin da aka yardar wa kowanne. Dabarar ta girmi Unix, domin manhajar Multics ta shekarun 1960 tana da ita. Kamfanin Microsoft ya sa ta cikin tsarin ajiya na NTFS da ya zo da Windows NT a 1993, Linux kuma ta karɓe ta a farkon shekarun 2000. A Linux ana duba jerin da umarnin getfacl, a gyara shi da setfacl, kuma fayil mai jeri yakan nuna alamar + a ƙarshen haruffan izininsa.

Akwai wani abu guda a nan da ya kamata a riƙe da kyau. Jerin Linux yana da wani layi da za mu kira shinge, wanda ke ƙayyade iyakar izinin da ƙungiya da duk waɗanda aka ambata da suna za su iya samu. Da zarar fayil ya sami jeri, lambar tsakiya ta daina nuna izinin ƙungiya, ta koma nuna shingen. A misalinmu, ƙungiyar malamai ba ta da izinin komai, amma tun da an ba shugaban karantawa da rubutawa, shingen zai zama 6, fayil ɗin kuma zai nuna 660.

Mene ne Ƙunshi?

Ƙunshi fayil ne guda da aka tattara fayiloli masu yawa a cikinsa, domin ajiya ko aikawa. Ta wannan hanya ake rarraba yawancin manhajoji. Iri biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne tar, wanda ya bayyana a bugu na bakwai na Unix a 1979 domin adana bayanai a kan tef ɗin maganaɗisu. Gaban kowane fayil, tar yana ajiye wani kan bayani mai girman bayit 512, ɗauke da suna, da girma, da lokacin gyara na ƙarshe, da lambar izini, da lambar mai fayil da ta ƙungiyarsa. Na biyu shi ne ZIP, wanda Phil Katz ya fitar a 1989 domin kwamfutoci masu aiki da DOS, inda babu batun mai fayil ko ƙungiya. Daga baya wasu shirye-shiryen ZIP sun koyi adana lambar izinin Unix, amma ba kowane shirin kwancewa ne ke mayar da ita ba.

Amfanin ƙunshi ya fi fitowa idan muka dubi filashin da ɗalibai ke yawo da shi. Galibinsa yana zuwa ne da tsarin ajiya na FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da wurin rubuta mai fayil ko izininsa. Fayil mai lamba 600 da aka kwafa kai tsaye zuwa irin wannan filashi ya rabu da makullinsa. Idan kuwa aka sa shi cikin tar, bayanin izinin zai yi tafiya tare da shi. Sai dai a lura: bayani ne kawai. Duk wanda ƙunshin ya faɗa hannunsa zai iya kwance shi a kan na'urarsa ya karanta. Ɓoye sirri aikin ɓadda rubutu ne da kalmar sirri, wanda fanni ne dabam.

Hanyoyi Uku da Izini ke Lalacewa

Hanya ta farko ita ce faɗuwar jeri. Kan bayanin tar na asali ba shi da gurbin jerin masu izini. Ƙa'idar POSIX ta 2001 ta kawo tsarin pax mai ƙarin gurabe, kuma shirin GNU tar ya fara adana jerin ne a bugu na 1.27 a shekarar 2013, shi ma sai an umarce shi da --acls. Mu koma ga fayil ɗin sakamako. Idan aka ƙunshe shi ba tare da wannan umarni ba, abin da tar zai rubuta shi ne 660. Ranar da mai kula da na'ura ya mayar da shi daga ajiya, jerin babu, saboda haka 6 ɗin tsakiya ta koma ma'anarta ta asali. Shugaban makaranta ya rasa izininsa na musamman, dukkan malamai kuwa sun sami damar karantawa da gyarawa. Na'ura ba za ta yi gargaɗi ba, domin a wurinta babu kuskuren da aka yi.

Hanya ta biyu ita ce rikicewar lambobi. Kwamfuta da lamba take gane mutum, suna don sauƙinmu ne. Kamar yadda ɗalibi mai lamba 25 a wannan aji yake dabam da mai lamba 25 a wancan, haka mai lamba 1001 a wata na'ura yake iya zama wani mutum a wata. GNU tar yana adana suna da lamba duka. Idan root ne ya kwance ƙunshi, shirin zai fara neman sunan, in bai same shi ba sai ya yi aiki da lambar, fayil ya faɗa hannun duk wanda ke riƙe da ita a can.

Hanya ta uku ta fi haɗari, wato ƙunshin da aka shirya da mugun nufi. Unix tana da wata alama mai suna setuid, wadda Dennis Ritchie ya ƙirƙira. Ana iya kiranta rigar aro: shirin da ke ɗauke da ita yana aiki ne da ikon mai shi, ko da wa ya gudanar da shi. Da ita ne shirin passwd ke ba kowa damar sauya kalmar sirrinsa. To, idan root ya kwance tar, shirin yakan mayar da izini da mallaka kamar yadda aka rubuta su, har da wannan alama. Mugu na iya cusa shiri mai rigar root a cikin ƙunshi, kamar yadda bairos ke shigar da umarninsa cikin ƙwayar halitta ta yi masa aiki.

Har ila yau, sunan fayil na iya zama tarko. Alamar ../ na nufin komawa folda ta baya, kuma idan aka jera ta a cikin suna, fayil zai tsallake inda ake kwancewa ya je ya danne wani muhimmin fayil. An ba da rahoton irin wannan rauni a sashen tarfile na harshen Python a 2007. A 2022 masu bincike na kamfanin Trellix suka ƙiyasta cewa ayyukan manhaja na kyauta fiye da 350,000 suna cikin haɗarinsa. Bugu na 3.12 na Python, a 2023, ya kawo matata mai hana tsallake folda da kuma cire rigar aro, kuma daga bugu na 3.14, a 2025, matatar ta zama mai aiki ko ba a nema ba.

Matakan Kiyayewa

A 1975, Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun tsara ƙa'idojin tsaron bayanai, ciki har da wadda ke cewa a ba kowa mafi ƙarancin izinin da aikinsa ke buƙata. A kanta waɗannan matakai suka dogara.

1. A duba kafin a kwance. Umarnin tar -tvf yana jera sunaye da izini da masu fayiloli ba tare da ya fitar da komai ba. A lura da alamar ../ da kuma harafin s a gurbin x.

2. Kada a kwance ƙunshin da ba a san asalinsa ba da ikon root. Yin haka ba kura ajiyar nama ne. Idan mai amfani na yau da kullum ya kwance, fayilolin za su zama nasa, kuma na'ura za ta rage izininsu bisa ma'aunin da ake kira umask.

3. Idan ajiya ake yi domin mayarwa na'ura, a sa --acls lokacin ƙunshewa da lokacin kwancewa.

4. Idan kuwa manhaja ake rarraba wa jama'a, a bar jerin a gida, domin sunayen da ke cikinsa ba su da ma'ana a na'urar wani. Lamba 644 ga fayiloli da 755 ga foldoji da shirye-shirye sun wadatar.

5. A gwada mayar da ajiya a wata folda, a kwatanta abin da getfacl ya nuna da na asali.

6. A guji 777. Yakan kawar da matsalar yau, ya buɗe ƙofar ta gobe.

Kammalawa

Ƙunshi yana riƙe abin da ke cikin fayil daidai, harafi da harafi, amma abin da yake riƙewa na izini ya danganta da irin ƙunshin, da umarnin da aka bayar, da wanda ya kwance shi. Malamin da ke da ɗakin kwamfuta mai Linux zai iya nuna wa ɗalibansa wannan a darasi guda: a ƙirƙiri fayil, a ba wani ɗalibi izini da setfacl, a ƙunshe shi sau biyu, da --acls da kuma babu shi, sannan a kwance duka biyun tare da ƙarin umarnin -p, wanda ke mayar da lambar izini yadda aka rubuta ta. Ɗalibai su kwatanta sakamakon, su gano da kansu wa ya sami izini, wa kuma ya rasa.