Teburin Malamar Jinya a Lamorde

Wanda ya haye gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai ya nufi Harobanda, manyan gine-gine ne za su fara tarbarsa: jami'ar Abdou Moumouni, tsangayar koyon aikin likita, sai babban asibitin Lamorde wanda yanzu yake ɗauke da sunan Amirou Boubacar Diallo. Can ake kai masu ciwon ƙoda wankin jini, can ɗalibai suke bin manyan likitoci ɗaki-ɗaki. Amma mafi yawan ciwon mutanen Lamorde da Karaje da Nogare da Kirkisoy ba ya kaiwa can. Yana tsayawa a ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwa, waɗanda kowa ya sani da CSI, a gaban wani teburi mai rajista da abin awon jini da kwalin safar hannu. Bayan teburin akwai malamar jinya, ko malamin jinya. Mutanen unguwa ba su damu da bambancin muƙami ba, duk likita suke ce musu, shugaban wurin kuma majo.

Da yawansu sun fito ne daga makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa da ke Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Damouré Zika. Duniya ta san Damouré a finafinan Bafaranshen nan Jean Rouch, irin su Jaguar da Cocorico Monsieur Poulet, amma mutanen wannan gaɓar kogi sun san shi da magani. Ɗan masunta ne, ya gaji magani a gida, ya haɗa da aikin asibiti, ya buɗe gidan maganinsa a nan Lamorde, ya yi ta duba talakawa har ya rasu a 2009. Ya dace ƙwarai a ce makarantar masu jinya sunansa take ɗauke da shi, domin irin aikinsa ne aikin jinyar unguwa: ka san ciwo, ka kuma san gidan da ciwon ya fito.

Aikin yau da kullum sananne ne. Awon ciki, rigakafin jarirai, gwajin zazzaɓin sauro da ɗigon jini a yatsa, zaren awon damtse wanda idan ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, an san yaro ya shiga tamowa mai tsanani. Da damina ta kankama a bi gida-gida da maganin kariyar zazzaɓi na ƙananan yara. Duk wannan yana rubuce a littafi, kuma mai ƙwazo zai iya shi cikin 'yan watanni. Abin da ke raba gwana da 'yar koyo yana wani wuri dabam, a abubuwa uku da ba kasafai marar lafiya yake faɗa da bakinsa ba: an doke shi, yana shan ƙwaya, ko ba shi da kuɗi.

Ba macen da ke shigowa ta ce mijina ya doke ni. Abin da take cewa shi ne kaina ke ciwo, ba na barci, zuciyata na bugawa, na faɗi a bakin rijiya. Malamar da ta daɗe a aiki tana sauraren maganar, idonta kuma yana kan jiki. Faɗuwa takan bar rauni a gwiwa da tafin hannu da goshi. Shatar yatsu a wuya, kumburi a bayan kunne, tabo a bayan hannu inda mutum ke kare fuskarsa, raunuka iri-iri da ba rana ɗaya aka same su ba, waɗannan ba aikin rijiya ba ne. Haka mai ciki da ta daina zuwa awo ba dalili, ko wadda duk tambayar da aka yi mata sai mai rakiyarta ya riga ta amsawa. A nan dabara ta farko ita ce a raba ta da ɗan rakiya ba tare da an ta da ƙura ba. "Baba, ɗan jira mu a waje, zan duba ta." Ko a ce wa uwar miji, "Inna, taimaka ki karɓo mana tikiti." Sai an ja labule sannan a yi tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, da Zabarmanci ko Fulatanci ko Hausa, duk wanda matar ta fi sakewa da shi: "'Yar'uwa, lafiya dai kuke zaune a gida? Akwai wanda kike tsoro?"

Abin da malamar za ta faɗa bayan an amsa mata ya fi tambayar nauyi. Duk inda matar nan ta kai kuka, kalma ɗaya ta ji: yi haƙuri. Uwarta ta faɗa, gwaggonta ta faɗa, da ta yi yaji aka mayar da ita da kalmar. Idan ta ji ta a asibiti ma, to ƙofa ta ƙarshe ta rufe. Ni a ganina babu kuskuren da ya kai wannan muni a sana'ar, kuma mai yin sa yakan yi shi da kyakkyawar niyya. Gwanar malama ba ta ba da haƙuri, ba ta kuma cewa fita ki bar shi, don ba ita za ta ciyar da 'ya'yan ba. Tana cewa na ji ki, na yarda da ke, ba ki cancanci wannan ba. Tana tambaya ko akwai wuƙa ko barazanar kisa, ko an taɓa shaƙe ta, domin shaƙewa alama ce ta cewa rai na cikin haɗari. Tana tambaya gidan wa za ta gudu idan dare ya ɓaci. Tana rubuta raunin yadda ta gan shi, wurinsa da girmansa da launinsa, saboda wata rana takardar shaidar likita za ta dogara da wannan rubutu a gaban alƙali. Tana kuma sanin inda za ta tura ta, ko sashen 'yan sanda mai kula da mata da ƙananan yara, ko ƙungiya irin SOS FEVVF da ta daɗe tana karɓar matan da aka ci zarafinsu a Yamai.

Idan fyaɗe ne, agogo ke mulki. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Iyali kuwa sukan kwashe kwanakin nan suna shawara a tsakar gida, ana neman yadda za a rufa asiri. Shi ya sa aikin yake fara tun kafin abin ya faru, a wajen awon ciki da taron suna da bakin matan da ke taimaka wa asibiti a unguwa: duk abin da za ku yanke, ku fara kawo yarinyar. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata an aurar da su kafin shekara 18, malamar jinya takan tarar da yarinyar da ke gaban teburinta matar aure ce, mai ciki, kuma ita kanta yarinya. Salamatou Traoré, wadda ta kafa ƙungiyar Dimol don masu yoyon fitsari, daga wannan sana'a ta fito, kuma abin da idonta ya gani a ɗakin haihuwa ne ya tura ta.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da riƙon sirri, kuma a unguwa riƙon sirri ya fi wuya. Malamar tana haɗuwa da mijin a kasuwa, 'yarta tana aji ɗaya da 'yar matar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar da magana ɗaya ta fita daga ɗakin duba marasa lafiya ta shiga gidan biki, an gama, ba mai sake buɗe baki.

Sau da yawa hannun da ya yi dukan shi ma marar lafiya ne, kuma zai zo teburin nan ta wata ƙofa. Ana kawo saurayi da dare, ya faɗi yana shure-shure, abokansa na fada suna cewa iska ce ta taɓa shi. Wanda bai taɓa farfaɗiya ba, ɗan shekara ashirin da wani abu, mai aikin ƙarfi, malamin jinya zai fara tunanin tiramol, wato ƙwayar tiramadol. A asibiti ƙwayar tiramadol miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a tebur da faranti tana kai 200 ko 225, ana jefa biyu ko uku a shayi ko kofi tun da asuba. Masu shan ta ba duka 'yan iskan gari ba ne, kuma wannan shi ne abin da masu wa'azi a kai suke yawan mantawa. Akwai mai haƙar yashi a kogi, mai tura kurar ruwa, ɗan kabu-kabu, mai aikin shinkafa a fadama, ɗalibin da ke kwana karatu. Don aiki suka fara, don jiki ya daina jin gajiya. Daga baya jikin ya ƙi tashi sai da ita. Ban da ita akwai dayazefam, da maganin tari mai kodin, da wiwi, da sholisho da yaran titi ke shaƙa. Hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, OCRTIS, tana kamawa, har ta taɓa kama tan 17 na tabar wiwi a wani sito a Yamai cikin Maris 2021, amma kamun manyan kaya bai hana ƙwaya isa hannun yaro da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba.

A daren da aka kawo shi, aikin na hannu ne: a kwantar da shi a gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a lura da numfashi, a tsayar da jijjigar, a tura shi asibitin gunduma na Gaweye ko babban asibiti idan abin ya fi ƙarfin wurin. Aikin gaske sai washegari. "Ƙanena, guda nawa kake sha a yini?" Ba a tambaya ko yana sha, don amsar a'a ce. Ana tambaya kamar yadda ake tambayar mai ciwon suga abin da ya ci. Sai a faɗa masa gaskiyar abin da zai ji idan ya daina: zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci, ƙunci. Wanda ba a gaya masa ba, a kwana na biyu zai ɗauka mutuwa zai yi, ya koma. A faɗa wa uwarsa kuma cewa ɗaure shi da mari ba ya fitar da ƙwaya daga jiki. Inda sana'ar take kasawa shi ne bayan nan, domin wurin da aka fi sani na turawa shi ne sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, Pavillon E, kuma sunan kaɗai yana sa iyali su ja da baya.

Sai kuɗi, wanda shi ne ƙarƙashin komai. Matar da aka doka ta makara zuwa don kuɗin tikiti a aljihun wanda ya doke ta yake. Saurayin ya fara sayen ƙwaya a tebur don ta fi ganin likita araha. Malamar jinya ba ta karanci tattalin arziki ba, amma babu wanda ya kai ta sanin yadda ake biyan lafiya a Nijar, domin a kan teburinta kowace doka take sauka.

Bayan taron Bamako na 1987, ƙasashen Afirka da dama suka koma tsarin marar lafiya ya biya wani abu, a sayi magani da kuɗin, a sake sayarwa. Nijar ta gwada shi a Boboye da Say, ta mayar da shi doka a 1995, aka kafa kwamitocin unguwa masu kula da asusun kowace cibiya. Magani ya samu a kanta, amma marar ko dala ya tsaya a waje. A zamanin Shugaba Mamadou Tandja aka buɗe ƙofa: tiyatar haihuwa ta zama kyauta a 2005, sai a 2006 aka ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki da tsarin iyali. Uwaye suka yi tururuwa, kuma babu shakka an ceci rayukan yara masu yawa. Sai dai tsarin ya ce cibiya ta yi aiki tukuna, ta aika takardun bashi, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara wata da watanni, har shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, ciki har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun bi diddigin abin da hakan ya haifar: asusun cibiya ya bushe, kantar magani ta zama fayau, kyauta ta koma takardar magani da za a kai farmasi. Uwa ta ji a rediyo an ce kyauta ne, ta zo an miƙa mata takardar jika uku. Wa za ta zarga? Wadda ke gabanta. A nan ne ake cewa likitoci sun sayar da maganin, kuma ko da yake akwai masu yin hakan, mafi yawan lokuta maganin bai zo ba ne tun farko.

Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rufe hanyar shigo da kaya ta Kwatano, magani ya ƙara wuya da tsada. A Satumba 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, ta mayar da haihuwa kyauta. Talaka ya ji daɗi, kuma ya cancanci jin daɗin. Amma majo da ya ga abin da ya faru bayan 2006 tambaya ɗaya yake yi: rabin da aka yafe, yaushe zai shigo asusu? Da kuɗin nan ake sayen safar hannu da auduga da man janareto, da shi ake ɗan sallamar mai shara da mai gadi. Alƙawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, har yau Nijar ba ta cika shi ba, kamar yawancin maƙwabtanta.

Saboda haka gwanar malama ta koyi wani lissafi da ba a koyarwa a aji. Tana rubuta maganin da ba na kamfani mai tsada ba. Idan magunguna huɗu ne, tana nuna wa uba wanda ba makawa a saya yau, da wanda zai iya jira ranar kasuwa, don ta san in ba ta zaɓa masa ba, mai farmasi ko aljihunsa zai zaɓa. Ta san wane attajiri ne a unguwa ba ya mayar da roƙon asibiti, wane limami ne zai yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Sau da yawa kuma hannunta ne ke shiga jakarta, alhali ita kanta wataƙila 'yar kwantiragi ce, ko ma mai aikin sa kai da ta shekara da shekaru tana jiran lambar ɗaukar aiki.

Lamorde tana da nata ƙarin nauyi. Kogin Isa ya ci unguwar a 2012, ya sake ci a Satumba 2020 lokacin da ruwa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsa, aka kwashe iyalai zuwa makarantu da tantuna. Daga hanyar Torodi da Makalondi kuma mutanen da rashin tsaro ya kora suna ta shigowa wannan gaɓar. Iyali goma a aji ɗaya, maigida ba aiki, samari ba abin yi, 'yan mata na zuwa bayan gida cikin duhu. Malaman jinyar da suka yi aiki a irin waɗannan wurare sun san cewa bayan zawo da zazzaɓi, duka da ƙwaya suna biyowa, kuma a tanti babu ɗakin da za a rufe a yi tambaya. Wasu sukan rataya zani tsakanin sanduna biyu, su sa ɗaya daga cikinsu ta tsaya a bakin wurin tana tare masu leƙe, sannan su kira mace ta gaba.