Cacar tseren dawaki: Wa ke cin riba a ƙarshen mako?

Sama da shekaru 20 bayan da jihar Zamfara ta haramta caca a ƙarƙashin tsarin shari'ar Musulunci, wayar salula ta sake buɗe mata ƙofa. A yau mazaunin Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda na iya zuba kuɗi a kan dokin da bai taɓa gani ba, ba tare da ya fita daga ɗakinsa ba.

Doki dai tsohon abokin zama ne a wannan yanki. Garin Ƙauran Namoda ya samo sunansa ne daga Namoda, ɗaya daga cikin jagororin yaƙi a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a zamanin da ake auna ƙarfin sarki da yawan barade. Daga baya doki ya koma abin ado na hawan Sallah, da kilisa, da kuma sukuwar da samari kan yi don a san gwani.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo tsere mai tsari, suka keɓe masa filaye a manyan birane. Har yanzu akwai filin sukuwa a Kano, yayin da na Kaduna ya koma dandalin Murtala, na Legas kuma ya zama dandalin Tafawa Ɓalewa.

To sai dai cacar da ake yi a kan dawaki ta bi wata hanya ce dabam kafin ta iso ƙasar Hausa.

Daga Paris zuwa Maraɗi

Ƙaramar hukumar Zurmi ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma hanyar da ta taso daga Ƙauran Namoda ta ratsa Zurmi zuwa Jibiya, daga nan sai Maraɗi. A Nijar ɗin, hukumar caca ta gwamnati, wato LONANI, tana sayar da tikiti a ƙananan rumfuna a kan tseren da ake gudanarwa a Faransa. Haka abin yake a Burkina Faso, da Mali, da Senegal, da Kodebuwa.

Wani ɗan kasuwa mai suna Joseph Oller ne ya ƙirƙiro wannan tsari a Paris a wajajen shekara ta 1867. A 1930 dokar Faransa ta ba da damar karɓar kuɗin caca a wajen filin tsere, abin da ya haifar da kamfanin PMU. A 1954 aka ɓullo da wasan tiercé, inda ake so mutum ya faɗi dawaki uku na farko, sannan a 1989 aka ƙara na dawaki biyar, wanda ake kira quinté.

A Najeriya, ƙwallon ƙafa ce ta fi jan masu caca. Amma shafukan intanet na kamfanonin caca suna ɗauke da tseren dawaki da na karnuka, ciki har da na zane, wanda kwamfuta ke tsarawa tana kuma fidda sakamakonsa kowane 'yan mintoci.

Nazarin ɗan caca

Wanda ya daɗe a cacar dawaki ba ya yarda cewa sa'a yake bi. A ganinsa ilimi ne. Tun daren Juma'a yakan zauna da takardar jerin dawaki yana duba shekarun kowane doki, da mahayinsa, da mai horar da shi, da tsawon filin, da ko ruwan sama ya jiƙa ƙasar.

A gaban sunan kowane doki akwai jerin lambobi da haruffa da ke nuna matsayin da ya zo a tserensa na baya. Faransawa na kiran wannan jeri kiɗan doki.

Abin da ke dagula lissafin shi ne, da gangan ake shirya yawancin irin wannan tsere yadda zai yi wuyar hasashe. A tseren sukuwa, akan ƙara wa dokin da ya fi ƙarfi nauyin da zai ɗauka, a rage wa raunana. A tseren sassarfa kuwa, inda doki kan ja ƙaramin keke, akan mayar da wanda ya fi cin kyaututtuka baya da mita 25. Manufar ita ce a daidaita su.

Idan dawaki 16 suka fito, akwai hanyoyi 3,360 da uku na farko za su iya jeruwa. Idan kuma biyar na farko ake nema bi da bi, hanyoyin sun kai 524,160. Nazari na iya rage wannan adadi, amma ba zai kawar da shi ba.

Ina kuɗin ke tafiya?

A tsarin na Oller, masu caca da junansu suke karawa. Ana tara kuɗin kowa wuri guda, mai shirya cacar da gwamnati su cire kasonsu, sannan a raba saura ga waɗanda suka dace. A Faransa, abin da kan koma hannun masu caca bai wuce kimanin kashi 75 cikin 100 ba.

Alal misali, mutane 1,000 kowa ya zuba naira 1,000, an tara naira miliyan ɗaya ke nan. Idan aka cire rubu'i, saura naira 750,000. In mutum 500 ne suka zaɓi dokin da ya yi nasara, kowa zai tashi da naira 1,500. In kuwa mutum 50 ne kacal, kowa zai samu naira 15,000.

Ma'ana, dokin da kowa ya san ya fi gudu ba ya kawo abin kirki, domin jama'a da yawa za su raba kuɗin. Wanda ke kawo kuɗi mai kauri kuma shi ne wanda da wuya ya zo na farko. Mai shirya cacar ba ruwansa da wanda ya ci, tun da ya riga ya cire rabonsa kafin a saki linzami.

A ƙaddara mutum ya shiga ranar Juma'a da naira 10,000, yana caca sau biyu a rana har zuwa Lahadi, yana kuma mayar da duk abin da ya samu. Idan sa'arsa matsakaiciya ce, bayan zagaye na farko zai rage da naira 7,500, bayan na biyu 5,625. Kafin a yi sallar Isha'i ranar Lahadi, bayan zagaye na shida, abin da ke hannunsa bai kai naira 1,800 ba.

A zahiri wani zai ci babban rabo a wannan mako, kuma labarinsa ne za a ji a majalisa. Ɗaruruwan da kuɗinsu ya taru ya zama wannan rabo ba sa ba da nasu labarin. A tseren da kwamfuta ke tsarawa kuwa, ko nazarin ma ba shi da amfani, domin babu doki, babu mahayi, sai lissafin da kamfani ya gina.

Matsayin shari'a

Musulunci ya bambanta tsere da caca. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, inda horarrun dawaki suka taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su tazara mafi gajarta.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin ƙasar Hausa, ya halatta tsere da dawaki, da raƙuma, da harbin kibiya. Ya kuma kawo ra'ayin Imamu Malik cewa mutum na iya sa kyauta, amma idan shi ne ya yi nasara ba zai mayar da ita aljihunsa ba, sai dai wanda ke bi masa ya ɗauka.

Ɗan kallon da ya zuba kuɗi don ya cinye na wani ba ya cikin wannan rangwame. Abin da yake yi shi ne maisir, wanda aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka haramta tare da giya, suka kuma bayyana cewa yana haddasa gaba da ƙiyayya, yana shagaltarwa daga salla.

A kan wannan bambanci ne Saudiyya ta fara gasar Saudi Cup a birnin Riyadh a shekara ta 2020, da kyautar dala miliyan 20, ba tare da rumfar caca a filin ba.

Doka da wayar hannu

A ranar 27 ga watan Oktoba na 1999 ne gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta kuma fara aiki a watan Janairun 2000. A wancan lokaci caca na da gida da tabarma, ana iya zuwa a rufe ta.

A watan Oktoban 2024 hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca da dama. Wata guda bayan haka, Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne su tsara wannan harka. Hukuncin ya ƙarfafa hannun jihohi irin su Zamfara, sai dai rufe shago ya fi sauƙi a kan toshe shafin intanet da ke cikin aljihun mutum.

Lamarin ya fi nauyi a arewacin Zamfara, inda hare-haren 'yan bindiga suka raba manoma da yawa da gonakinsu, suka kuma raunana kasuwannin mako-mako. Wanda sana'arsa ta tsaya ya fi saurin sauraren alkawarin kuɗin dare ɗaya, kuma abin da zai zuba sau da yawa kuɗin cefane ne, ko na taki, ko bashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtukan da ke buƙatar kulawar likita. Daga cikin alamun da likitoci kan duba akwai ƙara zuba kuɗi don a fanso wanda aka rasa, da ɓoye wa iyali gaskiya, da cin bashi don a ci gaba. Iyalin da suka ga irin waɗannan alamu a gida na iya fara neman taimako daga malamin unguwa da kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti, tun bashin bai kai ga sayar da gona ba.